Ranar Da Na Ce Yana Sha

Akwai wata hira da tsofaffin unguwarmu suke so in an haɗu a gidan suna, wai mutanen da sun fi na yanzu ƙwari da tsawon rai, don daddawa suka sani da man shanu, ba su ci kayan gwangwani ba. Ni ma tsohuwa ce, haƙoran da suka rage mini ba su cika hannu ɗaya ba, amma da zarar an ɗauko wannan hira sai raina ya ɓaci, in jawo mayafina in ce ƙafa ta dame ni. Masu maganar nan su ne waɗanda suka rage. Waɗanda ba su yi ƙwarin ba suna can kwance a maƙabarta bayan ganuwa, ba a gayyace su sunan ba balle a ji ta bakinsu. Na daɗe ina haɗiye abin, sai makon jiya da jikata ta zo mini wuni da ɗanta na fari ta tone mini shi ba tare da ta sani ba.

A wani lungu na bayan Jakara aka kai ni aure, gidan dukawa. Maza suna fita kasuwar Kurmi da safe da buhunan takalma da jakunkuna, mu mata muna gida da turmi da rijiya. Ba zan ɓoye ba, akwai abubuwan da nake kewa. Ina kewar yadda daka take tashi daga gida zuwa gida da hantsi, har ki gane hannun kowace mace daga luguden da take yi. Ina kewar muryar ladaninmu da ba shi da lasifika, da ƙarar gudumar dukawa a kan fata a zaure, da mai tallan kanwa da yake jan kalmar kamar zai yi kuka. Yanzu inji ne yake niƙa, babura ne suke ihu a lungun da jaki ma da ƙyar yake wucewa. Amma a wannan gidan da nake kewa, tsakanin rijiyar da muke sha da shaddar da muke zagawa bai fi taku biyar ba. A bayan katangarmu akwai kududdufi kore shar, sauro yana tashi daga kansa kamar hayaƙi da magariba. Babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan abubuwa da gawarwakin da suke fita ta zaurenmu.

Mutuwa a lokacin tana da zagayenta kamar na amfanin gona. In bazara ta kama, ɗakuna suka ɗau zafi, sai sanƙarau ya shigo, mutum ya tashi da ciwon kai da safe, kafin jibi ana zaman makokinsa. Tare da shi baƙon dauro yake zuwa ya bi yara gida gida. In damina ta sauka, kwata ta cika ta malala cikin rijiyoyi, sai amai da gudawa da zazzaɓin da yake sa yaro shiɗewa. Lokacin sanyi na masu tari ne. Mata kuma nasu ba ya jiran wani lokaci, wata ta tafi a kan gwiwa, wata jini ya tsinke mata, wata ta kumbura cikin jego a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. Jariri ya sandare kafin suna, a ce iska ce. Yaro ya lalace bayan yaye, gashinsa ya yi ja, a ce haƙori yake yi. Haƙori kam ya ɗauki laifin da ba nasa ba a garin nan. Yanzu ma ana mutuwa, ban ce an daina ba, sai dai kowace mutuwa tana zuwa da sunanta, a ce hawan jini ne, a ce ƙoda ce. Mu a da suna ɗaya muke da shi, kwana ya ƙare. Kakata in aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce, "Waɗanda na haifa kike nufi, ko waɗanda suka tsaya?"

In babba ya rasu, lungu yakan yi tsit, a kife turame, a ɗauko makara daga masallaci. In yaro ne ba a ɗauko makara. A naɗe shi a 'yar tabarma, wani baffansa ya rungume shi a hannu, maza huɗu ko biyar su bi shi. Muna jin wucewarsu ta bayan ɗaki, ba ma tambayar ɗan waye sai an zo ɗibar wuta a faɗa mana. Daka ba ta tsayawa. A wata bazarar na ga an fita da uku daga lungunmu tsakanin Juma'a da Juma'a, kuma a cikin makon aka yi bikin wata yarinya da kalangu. Ba rashin imani ba ne, sabo ne. Mutane sun koyi kada su zuba ransu duka a kan yaro sai ya tsallake yaye da baƙon dauro.

Kan wannan kuma aka ɗora mana kunyar ɗan fari. 'Yan yanzu suna jin ta kamar labari, to ni na yi ta, kuma na iya ta. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita za ta ɗaga shi ba. In an miƙo mata shi ya sha nono, sai ta karɓa tana kallon bango kamar an ba ta ajiyar da ba ta so. Tun kafin in haihu mahaifiyata ta ja mini kunne a kai, ta ce da wannan ake gane 'yar mutunci. Da na dawo daga wankan jego a gidanmu na Ƙofar Na'isa, uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta karɓe yaron. A ɗakinta yake wuni, a bayanta yake barci, ni nono kawai ne nawa. Kuma ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba, tana son yaron nan, ita take tauna masa ƙuli-ƙuli. Ni kuwa na zama abin kwatance a dangi. Ana ce wa amare, "Ku je ku ga matar wane, ko inuwar ɗanta ba ta kallo." Ina jin daɗin yabon ƙwarai.

Abin da ba su sani ba, ina kallonsa. Ta ƙasan ido nake kallonsa in ina tankaɗe. Na san ranar da ya fara dafa bango ya miƙe, na san yana da wani ɗan tabo a bayan kunnen hagu. Ya kai shekara da 'yan watanni, ya san sunansa, in Inna ta kira shi daga bakin murhu sai ya waiwayo yana dariya da haƙoransa huɗu. In aka bar mu mu biyu a ɗaki nakan shinshina wuyansa da sauri kamar mai sata.

A bazarar da nake ba da labari baƙon ya shigo gidanmu. Ba a kiran ciwon da sunansa na ƙyanda a gidan da yake, sai a ce an yi baƙo. Yaron ya fara da zazzaɓi da jan ido, sannan ƙuraje suka feso masa daga bayan kunne. Inna ta yi abin da ta gada. Ta sa shi a ƙuryar ɗakinta, ta saki asabari, ta lulluɓe shi da gwado don baƙon ya fito duka kada ya koma ciki. Ba wanka, ba iska. Sau huɗu ko biyar a wuni ake kirana in ba shi nono a bakin ƙofa. Kwana uku yana sha da ƙyar. A safiya ta huɗu da aka miƙo mini shi, sai ya kama ya saki. Na sake ba shi, ya sake saki. Ba ƙi ya yi ba, numfashi ne ba ya barinsa. Na ɗaga 'yar rigarsa na ga fatar ƙasan haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, hancinsa yana buɗewa yana rufewa. Na zauna da shi gwargwadon lokacin da ake shan nono, don kada a gane, sannan na mayar wa Inna da shi ban ce komai ba.

Da hantsi 'yan dubiya suka cika tsakar gida. Gwaggwannin mijina biyu sun zo, da ƙanwarsa wadda muke wasa da ita, mai bakin tsiya. Sai ga wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ɗanta yake aiki a shakatafi, wato ɗan ƙaramin asibitin da ake ba da magani a sallami mutum. Ta leƙa ɗakin ta fito, ta zauna kusa da Inna. Ni ina gefen rijiya ina wankin tukwane, ina jin komai.

"Yaya, ni numfashin yaron nan bai yi mini ba," in ji dattijuwar. "Ɗana yana cewa ba ƙurajen ne suke kisa ba, ciwon haƙarƙarin da yake biyo bayansu ne. Akwai allurar da suke yi masa."

Ɗaya daga cikin gwaggwannin ta ce, "Allura da baƙo? Ai ba sa haɗuwa. Haka aka yi wa na gidan mai gishiri, ko kwana bai ƙara ba."

"Sai da ya gama galabaita suka kai shi," dattijuwar ta ce. "Ni dai abin da aka faɗa mini, in yaro yana shan nono to da sauran ƙarfinsa, a iya dubawa zuwa gobe. In ya daina sha, kada a jira komai."

Inna ta shiga murza carbinta. Na san ta, in tana murza carbi haka to zuciyarta ta rabu biyu. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke yarinya, zo nan." Na zo na durƙusa, hannuna duk toka. Ta ce, "Ɗazu da aka ba ki shi, ya sha kuwa?"

Duk idanu suka dawo kaina. Kafin in buɗe baki ƙanwar mijina ta kwashe da dariya ta ce, "Kai Inna, yau za mu ji. Ashe dai ana lura da shi a ɓoye. Faɗa mana mana, uwar ɗa, sau nawa ya haɗiya?" Gwaggwannin suka yi murmushi. Ba mugunta take yi ba, wasan da muka saba ne, ni ma na sha yi mata wanda ya fi wannan. Amma a lokacin sai na ga in na ce bai sha ba, dole in faɗi yadda na gani, in ce na ɗaga rigarsa, na duba ƙirjinsa, na ƙirga numfashinsa. Muryata za ta yi rawa, kowa ya gane. Yarinyar da ake kwatance da ita za ta tsaya a gaban surukai tana bayanin jikin ɗanta na fari. Na sunkuyar da kai na ce, "Yana sha."

"To alhamdu lillahi," in ji Inna, ta sauke ajiyar zuciya. "Da na ce a kira ubansa daga kasuwa. Bari mu ga gobe."

Dattijuwar ta dube ni ta ɗan jima, sannan ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ɗauki takalmanta ta tafi.

Na koma bakin rijiya ina ce wa kaina da baƙin sun tafi zan sami Inna ita kaɗai in faɗa mata. Baƙi ba su tafi ba. Aka dama fura, aka shiga hirar wani biki. Na wanke tukunya ɗaya sau uku. Da azahar aka miƙo mini shi, wannan karon ko kamawa bai yi ba, jikinsa kamar garwashi, leɓensa ya yi duhu. Ƙanwar mijina tana zaune daf da ni tana tsefe kanta. Na rufe shi da gefen zanena yadda ba za a gani ba, na zauna, na mayar. Sau biyu ke nan. Bayan sun yi sallah gwaggwannin suka yi sallama, Inna ta raka su zaure, suka tsaya a can suna ƙarasa magana kamar yadda tsofaffi suke yi. Ina tsaye a ƙofar ɗakinta ina jin numfashinsa ta bayan asabari, ban shiga ba, don ba a shiga ɗakin uwar miji a ɗauki ɗan fari. Da ta dawo na bi bayanta na ce, "Inna." Ta ce, "Mene ne?" Ta ɗaga gwadon kafin in amsa. Na ga bayanta ya tsaya cak. Ta daɗe a sunkuye, sannan ta ja gwadon ta rufe har fuskarsa, ta ce, "Je ki ɗora ruwa."

Kafin la'asar ta yi sanyi an gama komai. Wan mijina ne ya rungume shi a 'yar tabarma. Da za su wuce ta tsakar gida na ga tsawon abin bai kai tabaryata ba. Ban yi kuka ba. Na zauna na ci gaba da tsince shinkafar da aka ba ni, nono yana zuba yana jiƙa mini zane har cinya. Mata suna shigowa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo mai tsayawa. Ina jin wata tana ce wa wata, "Kin ga 'yar halak, ko ɗigon hawaye." Wannan yabon shi ne abu mafi ɗaci da aka taɓa ba ni, kuma na karɓa na haɗiye. A gidan da ke bayanmu ana ta daka.

Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba sai sau ɗaya. Bayan kwana biyu tana shafa mini kanwa a ƙirji don nonon ya kafe, ta ga yadda ya cika ya yi tauri, sai hannunta ya tsaya. Ta ce a hankali, "Wannan ba na kwana biyu ba ne." Ta gane tun kafin ya tafi ya daina sha. Amma ba ta ƙara ba. Muka zauna gida ɗaya shekara da shekaru da wannan magana a tsakaninmu, har na wanke gawarta.

Na san abin da malamai suka ce, kuma na yarda, rai ba ya wuce ajalinsa. Ban san ko allurar za ta tsayar da shi ba, wataƙila ko an kai shi haka za a dawo da shi. Amma an tambaye ni, kuma na san amsar, na faɗi wata. Wannan ba ajali ba ne, ni ce. Har yau ina jin haushin yarinyar nan da ta durƙusa da toka a hannu, ina kuma jin haushin duk waɗanda suka koya mata cewa abin da ta yi shi ne mutunci. Bayan shi na haifi tara, biyar suka tsaya. Wanda ya biyo shi kuwa, tun ranar suna nake kiran sunansa gatsal a gaban kowa. In ya yi atishawa sai na ɗauki mayafi. Dangi suka ce na lalace. Da tsofaffin suka ƙare, sai na baya suka ɗauka shi ne ɗan farina, har ana mamakin tsohuwa kamata da ba ta da kunyar ɗan fari. Ban taɓa gyara musu ba.

'Yar wannan ɗan nawa ce ta zo mini wuni makon jiya. Tun daga zaure nake jin ta tana kiran sunan jaririnta, tana sumbatarsa, tana ce masa ɗan lelenta. Jikinsa ya ɗan yi ɗumi saboda rigakafin da aka yi masa, amma sai da ta kira wata ƙawarta ma'aikaciyar asibiti a waya har sau biyu. Wata maƙwabciyata sa'ata da ta shigo gaisuwa ta taɓe baki ta ce, "'Yan zamani ke nan, ɗan fari kamar a kansa aka fara haihuwa. Mu a da ina muka ga wannan rashin ta ido." Ta juyo tana jiran in taya ta. Na ce mata, "Ki bar ta ta kira. In ta gaji ni zan karɓi wayar." Ta ga fuskata, ba ta daɗe ba ta tafi.

Jikata ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai ke ma 'yar zamani ce. Baba ne ɗanki na fari, amma kina kiran sunansa har maƙwabta su ji."

Na ce, "Ubanki ba shi ne na fari ba."

Ta ajiye wayar. Na ba ta labarin kamar yadda na ba da shi a nan, ban rage kaina ba. Tana ji tana ƙara matse ɗanta a ƙirji. Da na gama ta ce, "Baba ya sani?" Na ce babu wanda ya sani a cikin masu rai. Ta ce, "To ya sunansa?"

Sai na sami kaina ina waiwayen ƙofa in ga ko akwai mai ji. Inna ta tafi, mijina ya tafi, mai bakin tsiyar ma mun binne ta bara waccan. Babu sauran wanda zan ji kunyarsa, amma harshena ya yi nauyi. Na faɗa a ciki-ciki. Ta matso ta ce, "Ban ji ba, Hajiya." Na gyara murya na ce, "Haruna."

Ta maimaita sunan, ta ce yana da daɗi. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne yadda yake waiwayowa yana dariya in an kira shi. Ya waiwayo wa Inna, ya waiwayo wa ubansa, har mai tallan kanwa ya waiwayo wa. A bakina ne kaɗai bai taɓa jin sunansa ba.